Kifin Kududdufi a Akwatin Gilashi

Sharhin yau daga nan Minna a kan kifi yake, amma ba kifin banda ba, ba kuma na farfesu ba. Wani ɗan kifi ne da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ko ɗari aka tara ba za su yi miyar gida ɗaya ba. Duk da haka akwai mutane a Jamus da Japan da Amurka da suka tsufa a kan kiwonsa, suna aika wa juna ƙwansa ta gidan waya.

Jihar Neja ba baƙuwar kifi ba ce. Kogin Kwara ya ratsa ta, kogin Kaduna ya ratsa ta, ga tafkin Kainji da aka tare tun 1968, ga madatsar Shiroro da ta fara aiki a 1990. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya a New Bussa take, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna kuma tana da sashe guda mai koyar da kiwon kifi. Wanda ke shiga Kasuwar Kure ya san tarwaɗa da karfasa da kurungu da giwan ruwa, har farashinsu ya haddace. To amma duk wannan sani na kifin da ke cika tukunya ne. Akwai wasu ƙanana da ke sulalewa ta idon koma su koma cikin ciyawar bakin ƙorama, masunci bai ko waiwaye su ba. A cikinsu ake samun dangin da masana ke kira kilifish.

Dangi ne babba, nau'insa ya haura 1,200, a warwatse daga Afirka zuwa nahiyar Amurka da kudancin Asiya da kudancin Turai. Galibinsu ba sa zaman babban kogi. Wurinsu shi ne 'yar ƙoramar da inuwa ta rufe, da fadama, da gefen gonar shinkafa, da kududdufin da ke cika da damina ya ƙafe da rani.

Abin da zai ba ɗan Najeriya mamaki shi ne jerin sunayen da masu kiwon wannan kifi ke fitarwa a ƙasashen waje. Zai ga an rubuta gardneri Makurdi, gardneri Lokoja, gardneri Lafia, gardneri Akure, gardneri Jos Plateau. Zai ga bitaeniatum Ijebu Ode, ya ga sjoestedti Warri. Sunan farko na nau'in ne, na biyun kuma na wurin da aka kamo kakannin kifin ne, wasu shekaru 40 ko 50 da suka wuce, kuma har yau masu kiwon ba su yarda an haɗa jinin wani gari da na wani ba. Ƙungiyar masu kiwon kilifish ta Amurka tun 1962 take, ta Ingila kuma ta biyo baya a 1965. Suna taron shekara, suna gasa, suna buga mujalla. Mutumin da bai taɓa taka Makurɗi ba yana iya faɗa maka bambancin jelar kifin Makurɗi da ta kifin Akure, alhali mutumin Makurɗi kansa bai san akwai shi ba. Wannan giɓi ne da ya kamata ya dame mu.

Wanda ya taɓa ganin namijin gardneri a ruwa mai tsabta zai gane abin da ya ja hankalinsu. Tsawonsa kamar santimita 6. Jikinsa shuɗi ne mai ratsin kore, yana walƙiya idan ya juya, an yayyafa masa jajayen ɗigo daga kumatu har jela, gefen fikafikansa kuma da ɗorawa ko fari, kai ka ce aikin surfani aka zauna aka yi masa. Idan ya hango wani namijin sai ya buɗe fikafikan duka, ya kumbura maƙogwaro, ya tsaya a karkace yana karkarwa. Tamatar ba ta da wannan ado. Ita ruwan ƙasa ce mai 'yan ɗigo, kuma hakan ne ke ɓoye ta daga tsuntsu.

Tarihin rubuta waɗannan kifaye ya biyo ta ƙasar nan sosai. A 1911 George Boulenger, masanin da ke aiki a gidan tarihi na Landan, ya bayyana gardneri daga samfurin da aka kamo a Okwoga, cikin jihar Binuwai ta yau. A 1928 wani Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wasu biyu daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, a ƙasar Hausa. Ɗayan ya raɗa masa sunan kogin, shi ne Pronothobranchius kiyawensis. Ɗayan kuma shi ne normani, ɗan mitsitsin kifin da ke yawo garke-garke, saman idonsa na ƙyalli shuɗi cikin duhun ruwa, wanda a yau ake sayarwa a shagunan kifin ado a faɗin duniya. A 1963 Stenholt Clausen, mutumin Denmark da ya yi aiki a Ibadan, ya ware wani reshe na gardneri ya kira shi nigerianus. Normani da wasu nau'i biyu na Epiplatys, masu lafewa ƙarƙashin ganye a saman ruwa suna jiran ƙwaro, sun bazu a ruwayen yankin Kwara da Binuwai da Chadi, wato irin ƙasar da Minna ke cikinta.

Kifin Kiyawa, wato kiyawensis, ya cancanci a dakata a kansa, domin rayuwarsa ta fi adonsa ban mamaki.

Kowa ya san kududdufin da ke bushewa ƙarƙaf da rani, ƙasarsa ta tsattsage, yara su yi ƙwallo a ciki. Ruwa ya sauka, bayan 'yan makonni sai ga ƙananan kifaye, ba kogi kusa, ba wanda ya zuba su. Ba mamaki a ji ana cewa daga sama suka faɗo. Wasu dai ambaliya ce ke kawo su. Gaiwa kuwa an san dabararta: takan shige cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har damina. Kilifish na shekara, irin su kifin Kiyawa, ya bi wata hanya dabam. Shi uwa da uba mutuwa suke yi idan ruwa ya ƙafe, ba wanda ke tsira. Kafin nan sun riga sun binne ƙwai a cikin laka, kullum kaɗan-kaɗan, tun daga ranar da suka balaga. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, amma ɓawonsa na da tauri, yana riƙe danshi. A cikinsa ɗan tayin yakan girma ya tsaya, ya sake girma ya sake tsayawa. Wani masani Ba'amurke, John Wourms, ya nuna a 1972 cewa matakan tsayawar uku ne: ɗaya tun kafin jiki ya fara siffa, ɗaya a tsakiya, na ƙarshe kuma bayan kifin ya kammala, idanunsa a buɗe, ruwa kawai yake jira.

Kuma ba duka suke ƙyanƙyashewa lokaci ɗaya ba. Manomin Bosso ko na Paiko ya san ruwan farko mai yaudara, wanda ke sauka a Afrilu a yi shuka, sannan sama ta ɗauke mako uku. Da ƙwan duka zai fashe a wannan ruwa, da zuriyar ta ƙare a shekara ɗaya. Sai wasu su fito, wasu su jira ruwa na biyu, wasu ma su tsallake zuwa wata daminar. Ikon Allah ke nan a cikin laka.

Wannan gaggawar rayuwa ce ta kai wani ɗan uwansu ɗakunan binciken manyan jami'o'i. Nothobranchius furzeri, wanda aka fara kamowa a dajin Gonarezhou na Zimbabuwe a 1968, yana cikin dabbobi masu ƙashin baya mafi gajeren kwana: wasu zuriyoyinsa wata 3 zuwa 4 suke yi ko da an ba su kulawa ta ƙarshe. A 2018 masu bincike daga ƙasar Cek da suka bi kududdufan Mozambik sun ruwaito cewa yana balaga cikin kwana 14 da ƙyanƙyasa. A 'yan watannin nan yakan nuna alamun tsufa irin na mutum: launi ya dushe, baya ya ranƙwafa, kuzari da ƙwaƙwalwa su ja baya. Ɓeran gwaji sai an jira shi shekara 2 zuwa 3 kafin ya tsufa, wannan kuwa kafin ɗalibi ya gama zango ɗaya ya ga farkonsa da ƙarshensa. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a jami'ar Stanford ta Amurka, ɗaya a birnin Jena na Jamus, suka wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin gadonsa. Kifin farko da aka kai sararin samaniya ma ɗan wannan dangi ne, a tashar Skylab ta Amurka a 1973.

To, mai sauraro a Tunga ko Kpakungu ko Maitumbi zai ce: ni da nake fama da ɗaukewar wuta da tsadar ruwa, ina ni ina akwatin gilashi? Amsar ita ce, a duk kifayen ado, da wuya a samu wanda ya dace da halin da muke ciki kamar wannan. Jan kifin nan na ƙasar Sin da aka saba gani a ofisoshi da ɗakunan otal yana son ruwa mai yawa mai sanyi, yana ci da yawa yana ɓata ruwa, shi ya sa yake yawan mutuwa a hannun mutane. Kilifish kuwa a ɗan ruwa mara gudu ya saba zama. Akwati mai tsawon santimita 45, faɗi 25, tsayi 25 yana ɗaukar lita 28, wato jarka ɗaya da ɗan ƙari, kuma ya ishi namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Masu yanka gilashin taga a cikin gari za su iya haɗa shi. Abin lura ɗaya shi ne gam ɗin silikon: kada a yi amfani da wanda aka sa wa maganin fumfuna, irin na banɗaki, domin guba ne ga kifi.

Murfi shi ne doka ta farko. Wannan kifi maɗallaci ne wajen tsalle, haka yake ƙaura daga wani ɗan ruwa zuwa wani a daji, kuma kafar da ba ta wuce faɗin yatsa ba ta ishe shi. Da yawa daga masu farawa a ƙasan tebur suke tsintar kifinsu na farko, ya bushe. Bayan murfi sai inuwa. Ba ya son haske mai ƙarfi, launinsa ma ya fi fitowa idan ƙasan akwatin duhu ne. Kainuwa biyu ko uku a saman ruwa sun biya buƙata: saiwoyinsu na ba mace wurin ɓuya idan namiji ya matsa mata, suna kuma tsotse dattin ruwa. Sai dai kainuwa na saurin yaɗuwa, a riƙa rage ta don iska ta samu shiga. Maza biyu a ƙaramin akwati kuwa faɗa ne har sai ɗaya ya kwanta dama.

Sai batun ruwa. Na famfo yana ɗauke da kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, kuma yana ƙona matsefar numfashin kifi, don haka a ɗebe shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu. Na burtsatse ya danganta da unguwa, wani mai nauyi ne. Na sama mai laushi ne, ya yi kama da ruwan da kifin ya fito, amma ba na farkon damina ba da ke wanko ƙurar kwano. A bar rufi ya wanku, sannan a gauraya shi da na rijiya ko na famfo. Kuskuren da ya fi kashe kifi shi ne a sayo akwati yau a zuba kifi yau. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, mai kisa ko da 'yar kaɗan ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da soso su ne ke juya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka a fara zuba ruwa da tsakuwa da ganye, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan, a yi haƙuri. Bayan kifi ya shiga, duk mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa a mayar da sabo. Ba a juye akwati duka, ba a wanke shi da omo ko sabulu. Ɗan injin iska mai soso yana taimakawa, akwai ma mai batir, amma idan kifin kaɗan ne kuma ganye ya wadata, za su kwana lafiya ba wuta.

Inda Minna ke da wuya shi ne zafi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Gardneri ya fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26. Da damina da hunturu ɗakunanmu ba su yi nisa da haka ba, har ba a buƙatar na'urar ɗumama ruwa da Turawa ke kashe kuɗi a kanta. Amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana a garin nan yakan haura 37, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kifi ya taso sama yana haki, ƙwansa ya lalace, kwanansa ya ragu. Maganin yana cikin abin da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta jikinta iska na kwashewa. Randar ƙasa irin wadda matan Gwari ke ginawa a Tatiko ta wajen Paiko ita ce ma'ajiyar ruwan canji mafi dacewa da bazara. Shi kuma akwatin a sauke shi ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. A cire murfin gilashi a sa na raga, a naɗe gefensa da jiƙaƙƙen tsumma, fanka ta riƙa bugun saman ruwan idan akwai wuta. Rana ta yi tsanani, a jefa gorar ruwan sanyi a rufe ta yi ta yawo a ciki. Ƙanƙara tsirara kam a'a, domin sauyin farat ɗaya ya fi zafin kansa illa. Wanda ya san ɗakinsa tanda ne da bazara, gara ya fara da normani ko Epiplatys, 'yan asalin ƙasa mai zafi irin tamu.

Akwai wani makashi da littattafan Turai ba su cika ambata ba, amma a gidajenmu kullum yana nan: maganin sauro. Na fesawa da igiyar leko da fiya-fiya duk suna sauka a kan ruwa, kuma sinadaran da ke kashe sauro suna kashe kifi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Fesa ɗaya a rufaffen ɗaki ta isa a wayi gari kowa ciki sama. Kafin a yi feshi a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da leda da zane, ko ma a aje shi tun farko a ɗakin da ba a fesawa. Gidan sauro mai magani ma ba a yanka shi a yi murfi ko abin kamu.

Abinci kuwa a nan muka fi kowa sa'a. Kilifish maciyin ƙwari ne, abin da ya fi so kuma shi ne tsutsar sauro, wadda mai kiwo a Turai ke saye daskararriya da kuɗinsa. A nan rariyar shayi ta isa: a tace daga tsohuwar taya ko kaskon da ruwan sama ya kwanta, a ɗauraye, a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, sannan a zubar da ruwan da aka tace. Kada a ɗebo daga kwata ko inda bakin mai ya zuba, kada kuma a mai da gida wurin renon sauro da sunan abincin kifi. Shinge da gara da ƙananan tururuwa da yankakkiyar tana duk suna shiga. Garin abincin kifi na kanti ma suna karɓa idan sun saba, amma ba ya sa su ƙwai da yawa.

Tun da an zo nan, wani zai tambaya ko ba za a zuba su a kududdufan unguwa su cinye sauro ba, ganin cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Tunanin ba sabo ba ne, an gwada shi da kilifish a Gabashin Afirka tun zamanin mulkin mallaka. Kifin yana cin tsutsar, babu shakka, amma nazarin da aka tattara bai tabbatar da cewa zuba kifi kaɗai yana rage masu kwanciya ba. Gidan sauro da share magudana suna nan a matsayinsu.

Daɗin kiwon nan yana wajen haihuwa, kuma kayan aikin zaren ulu ne, irin na roba da mata ke saƙa hular jarirai da shi. A samu kore mai duhu, a naɗa shi a jikin littafi sau 50 ko fiye, a ɗaure gefe ɗaya a yanke ɗayan, sai ya zama tuntu. A tafasa shi, a ɗaura masa 'yar kwalba mara komai ya riƙa reto a ruwa. Namiji zai kora macen cikin zaren, su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi wata 'yar girgiza, ƙwai ɗaya ya maƙale. Bayan kwana biyu ko uku a ɗago tuntun, a matse shi a hankali, a riƙa buɗa zaren ƙarƙashin haske. Ƙwan garai yake, mai ɗan ruwan zuma, kuma yana da taurin da za a ɗauke shi da yatsu bai fashe ba. A sa su a ƙaramin mazubi da ruwan akwatin. Wanda ya yi fari fat ya mutu, a cire shi kafin fumfuna ta kama na kusa. Wajen kwana 10 za a ga ɗigo biyu baƙaƙe suna kallon mutum daga ciki, tsakanin kwana 14 zuwa 21 kuma 'ya'yan su fito. Abincinsu na farko shi ne atimiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka riga suka sani: ƙwai ne busasshe a gwangwani, a zuba a ruwan gishiri mai iska, cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ƙyanƙyashe.

Na shekara, irin su kifin Kiyawa, su laka suke nema. Masu kiwo kan sa musu ɗan kwano cike da dafaffen garin ɓawon kwakwa a ƙasan akwati. Duk mako ɗaya ko biyu a fito da shi, a matse a tsumma har ya daina ɗiga amma da sauran danshi, a ƙulle a leda, a rubuta suna da kwanan wata, a aje a duhu. Bayan wata 2 zuwa 3, gwargwadon nau'i da zafin ɗaki, a juye a roba a kwarara masa ruwan sama mai sanyi. Cikin 'yan sa'o'i sai a ga ƙananan abubuwa suna motsi a saman garin. A kwashe su, a sake matse garin a mayar leda, domin akwai masu jiran ruwa na biyu. A irin wannan leda ce kifin ke tsallaka teku cikin ambulan.

Cutar da ta fi damunsu ita ce wata ƙura-ƙura mai launin zinariya da ke bayyana a jiki, kifi ya tsuke fikafikai yana goga jikinsa da tsakuwa. Ƙazantar ruwa ke buɗe mata ƙofa. Ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kowace lita 5, tare da rufe akwatin ya yi duhu na 'yan kwanaki, yana taimakawa idan an farga da wuri.

Duk wannan ɗawainiya ce, kuma wanda ba zai iya ba kada ya fara. Malamai sun sha tunatar da mu hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Rai rai ne ko da bai kai yatsa ba. Haka kuma wanda ya gaji da kifin da aka kawo daga wata ƙasa ko wani yanki, kada ya juye shi a kogin Chanchaga ko dam ɗin Tagwai ko na Bosso. Wani ɗan kifin Amurka, gambusiya, da aka rarraba a duniya don cin sauro ya ƙare da korar kifayen gida a wurare da yawa. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure ma, wadda ta shigo ta Badagiri a 1984 daga baya ta addabi masuntan Kainji, a matsayin furen ado ta fara barin Amurka ta Kudu.

Abin da ya sa batun ya wuce sha'awa shi ne matsugunin kifin kansa. Nau'i da yawa na wannan dangi a ƙorama ɗaya ko fadama ɗaya kaɗai suke a duk duniya. Akwai ɗaya a jihar Nebada ta Amurka da ke zaune a ramin ruwa guda, wanda ƙidayar 2013 ta samu 35 kacal. A nan kuwa Minna na faɗaɗa ta hanyar Bida da ta Suleja da ta Zungeru, ana cike kududdufai a yanka filaye, maganin ciyawa da na ƙwari suna gangarawa fadama, masu haƙar zinariya suna dagula ƙoramu. Kududdufin da aka cike da rani, an binne shi ne da ƙwan da ke cikinsa. Ɗaliban sashen kifi da na nazarin halittu da ke neman abin rubuta kundin kammalawa ba sai duk sun koma kan abincin tarwaɗa ba. Ƙoramun Gidan Kwano da fadamun Wushishi da na Badeggi suna jiran mai zuwa ya duba ya rubuta. Malamin firamare ma da akwati ɗaya a aji zai koyar da ƙwai da girma da numfashi fiye da yadda allo zai yi.

Lokacin fita nema shi ne Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya fara ja baya kifin kuma ya girma. A fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwan wurin a nemi izini, kada yaro ya je shi kaɗai, a kuma guji yankunan da tsaro bai inganta ba. A sa takalmin roba saboda tsargiya. Kayan aiki ƙaramar raga ce mai laushi, da bokiti mai murfi, da farar roba ta dubawa. A tura ragar ƙarƙashin ciyawar gefe da ruɓaɓɓen ganye, ba tsakiyar ruwa ba. Namiji biyu da mata huɗu sun isa, sauran a mayar. Kafin a bar wurin a ɗauki hoton kifin da na ruwan, a rubuta sunan ƙauye da na ƙorama da kwanan wata, a ɗauki lambar taswira da waya, sannan a liƙa wannan bayani a jikin akwatin. Hoton kuma a kai wa malaman kifi a jami'a ko a New Bussa su tantance nau'in.